Fankar laftof ɗina ta hana Mma jin tafsiri

Rabi Tela, Aboabo: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Don Allah masu ilimin kwamfuta ku agaza min. Laftof ce ta hannu da yayana ya bar min, shekararta biyu a wurina. In ina rubuta sunayen masu ɗinki da awonsu, tsit take kamar ba ta a ɗakin. Amma da na buɗe YouTube, ko minti biyar ba a yi sai fanka ta tashi, fuuuu. Mu 'yan Aboabo da filin jirgi ke bayan gidanmu mun san ƙarar jirgi, to wannan ƙanwarsa ce. Jiya da dare muna kallon tafsiri da Mma, na ƙure murya, sai ta juyo ta ce, "Rabi, malamin ne ke magana ko injin niƙa?" Ga azumi ya ƙarato, kuma da ita muke kallon tarawihin Makka. Akwai yadda za a kashe fankar nan ne kawai?

Kawu Danladi, Asawase: Wa alaikumus salam 'yata. Ki kunna fankar ɗaki ki ƙure ta. Ƙarar babba za ta danne ta ƙarama, shi ke nan kowa ya huta.

Awudu Kotoko, Sawaba: Kawu kenan 😂 Ranar da aka yi dumso, aka ɗauke wuta, fa?

Musa Mai Gyara, Adum: Yaya Rabi, kul, kada ki bari wani ya cire miki wayar fankar nan. Ruwa ba ya tsami banza. Zafi ne ya tashe ta. Furosesar da ke ciki, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, in ta doshi digiri 100 sai ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone, in abin ya ƙi ci sai kwamfutar ta mutu ɗif a hannunki. An sha kawo min irinsu, wani gwani ya cire fanka don ta yi shiru, ta kuwa yi shirun. Tambaya biyu: a kan me kike ɗora ta, kuma yaushe rabon da a buɗe ta?

Rabi Tela, Aboabo: A shago kan teburin yanka take, wani lokaci kan tarin atamfa. A gida kuma kan katifar Mma. Buɗewa kam tunda ta zo hannuna ba a taɓa ba.

Musa Mai Gyara, Adum: To magana ta ƙare. Ta ƙasa take shan iska, ta fitar ta gefe ko ta baya. Kin ɗora ta kan katifa, kin toshe mata hanci. Ga hunturu, ga burbushin yadi na shagon tela. Ki kawo ta, ba na ko shakka ƙura ce.

Nafisa, Tek: Yaya Musa, da girmanka, ban yarda magana ta ƙare ba. In ƙura ce kaɗai, me ya sa sai a YouTube? Anti Rabi, don Allah duba min sunan furosesarki. Danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, ki shiga Performance, sunan na can sama ta dama.

Musa Mai Gyara, Adum: Saboda bidiyo shi ne aiki mafi nauyi da take ba ta mana. Jakin da ke tari ba a gane shi sai an ɗora masa kaya.

Rabi Tela, Aboabo: An rubuta i5-5200U. Ni dai ban san ko yabo ba ne ko zagi.

Nafisa, Tek: Yawwa, abin da nake zargi ke nan. Zubi na biyar ce, ta 2015. Bari in yi bayani, ku yi haƙuri zai ɗan yi tsawo.

Bidiyon da ke zuwa ta intanet a ƙulle yake zuwa, an matse shi don kada ya cinye data. Sai kwamfuta ta kwance shi kafin ki gani. Salon ƙullin kuma ba ɗaya ba ne. Akwai H.264, tsoho, tun 2003. Akwai VP9 na Google da ya fito a 2013. Akwai AV1 na 2018. YouTube ya fi son tura sababbin biyun, don sun fi matse bidiyo.

A cikin furosesa akwai wani ɗan sashe da aikinsa ke nan kawai, kwance bidiyo, kuma ba ya cin wuta sosai. Amma salon da aka gina shi da shi kaɗai ya iya. Na cikin taki ya iya H.264 sarai. VP9 kuwa, Intel ba su sa cikakken mai kwance shi ba sai a zubi na bakwai, AV1 kuma sai a na sha ɗaya, a 2020. To in YouTube ya turo miki VP9, sai nauyin ya koma kan ita furosesar, ta yi ta lissafi da ƙarfin tuwo. Anti, kamar a ce ga keken saka maɓalli a ajiye, amma an kawo miki maɓallan da ba sa shiga bakinsa, sai ki zauna da allura da zare kina yi ɗaya bayan ɗaya. Aikin zai yiwu, amma za ki yi gumi. Gumin nan shi ne fanka ke fifitawa.

Kawu Danladi, Asawase: Ikon Allah. Kuɗin makarantar yarinyar nan bai faɗi ƙasa banza ba. Ni dai maɓalli kaɗai na gane.

Musa Mai Gyara, Adum: Karatu ya yi daɗi, ƙanwata. Amma laftof nawa kika taɓa buɗewa? Ni shekara goma sha ɗaya ina wannan aiki. Masu zubi na huɗu da na biyar cike suke a garin nan, ana kallon YouTube da su, ba duka ke ihu ba.

Nafisa, Tek: Biyu na buɗe, ɗaya ma ban iya mayar da ita daidai ba 😅 Amma gani ya kori ji. Gwajina kyauta ne, ba sai ta hau trotro zuwa Adum ba. Anti, kunna bidiyon jiyan, ki danna maɓallin dama a kansa, ki zaɓi Stats for nerds. Wani baƙin akwati zai fito. Karanto min layin Codecs da na Current.

Rabi Tela, Aboabo: Na farko vp09 da wasu lambobi. Ɗayan 1920x1080@60. Kuma wancan Task Manager ɗin yana nuna furosesa na aiki kashi 85, wani lokaci 92.

Nafisa, Tek: Kun gani ko? VP9 ne, kuma hoto 60 a daƙiƙa ɗaya maimakon 30 ko ƙasa da haka, wato ninki biyu na aiki. Wani abin ma, allon laftof ɗinki nawa ne? Yawancin na hannu da ake kawowa 1366 sau 768 ne.

Rabi Tela, Aboabo: Haka yake, na duba.

Nafisa, Tek: To allonki ɗigo miliyan ɗaya da 'yan kai yake da shi. Bidiyon 1080 ɗigo 2,073,600 ne a kowane hoto. Kwamfutar na wahalar kwance su duka, sannan ta zubar da kusan rabi don ba wurin sa su. Na 720 kuwa 921,600 ne, kusan daidai da allonki. Abu uku za ki yi. Ki danna alamar saiti a kan bidiyon ki mayar da shi 720. A Chrome ki shiga Settings, sannan System, ki tabbata Use graphics acceleration a kunne yake. Sai ki sa wata 'yar manhaja a burauzar, h264ify sunanta, ita ke sa YouTube ya riƙa turo H.264. In ta kama aiki za ki ga vp09 ya koma avc1.

Iliyasu, Nima: Salam 'yan Kumasi, baƙonku na Ankara (Accra) ya shigo. Abin da Nafisa ba ta faɗa ba: H.264 ya fi VP9 cin data in girman hoton ɗaya ne, kuma da shi ba za ka wuce 1080 a YouTube ba. Kada a gyara fanka a ɓata aljihu.

Nafisa, Tek: Gaskiyarka Yaya Iliyasu. Shi ya sa na haɗa da saukowa 720, abin da aka rasa nan a mayar can. Wuce 1080 kuma a allon 768 ai ba ya cikin lissafi.

Hajiya Ladidi, Alabar: Ni ban san su vipi ba. Abin da na sani, tawa kan kiret ɗin ƙwai nake ɗora ta, na kwali, a kife. Jikana ya yi min dariya, amma tun daga ranar cinyata ta daina ƙuna.

Musa Mai Gyara, Adum: Hajiya, wallahi taki ta fi ta kowa a zauren nan yau. Iska na bi ta ramukan. Ko marfin kwalba huɗu aka sa a ƙasa ya wadatar. Faifan sanyaya laftof da ake sayarwa mai fanka a ciki, in hanyar iska ta toshe daga ciki, ƙarar fanka ta biyu kawai ka saya.

Awudu Kotoko, Sawaba: Ni in tawa ta yi zafi firji nake sa ta minti goma a hutun rabin lokaci.

Musa Mai Gyara, Adum: Inna lillahi. Awudu ka taɓa fito da kwalbar ruwa daga firji ka ga yadda take raɓa? Haka allon cikin kwamfutarka ke yi, sannan ka jona masa wuta. Ka ajiye lambata kusa, za ka neme ni.

Awudu Kotoko, Sawaba: To ni ba YouTube ba ne matsalata. Shafukan ƙwallon nan ne na kyauta. Da na buɗe, fanka sai ta haukace, har ba na jin mai sharhi.

Nafisa, Tek: Naka daban ne. Shafukan nan talla ce fal, bidiyo uku huɗu na tafiya a ɓoye bayan wasan, ga tagogin da ke buɗe kansu. Wasu ma suna sa kwamfutarka haƙar kuɗin kirifto ba ka sani ba. An yi wani Coinhive da ya yi suna a wannan, an rufe shi a 2019, amma dabarar ba ta mutu ba. A Chrome danna Shift da Esc, zai jero maka kowane shafi da abin da yake ci. Wanda ya fi haɗama ka rufe shi.

Malam Sani, shugaban zaure: Tunatarwa: kada wanda ya liƙa mana adireshin irin waɗannan shafuka a nan. A ci gaba.

Rabi Tela, Aboabo: Jama'a na dawo. Ɗan maƙwabcinmu ya taya ni sa abin. Yanzu avc1 yake nunawa, na sa 720, lambar nan ta sauko tsakanin 18 da 25. Fankar ta yi laushi sosai, Nafisa Allah ya ba da sa'ar jarrabawa. Sai dai fa bayan kamar minti ashirin ta sake tashi. Ba kamar jiya ba, amma ana jin ta. Kuma gefen hagu in na sa hannu, iskar da ke fitowa kaɗan ce, mai zafi kamar bakin murhu.

Musa Mai Gyara, Adum: Ƙanwata Nafisa, ina kika shiga? 😄 Furosesa na aiki kashi 20, fanka na gudu, iska ba ta fita. Wane salon ƙulli ne wannan kuma?

Nafisa, Tek: Na miƙa wuya a nan, Yaya. Wannan naka ne. Amma kafin ta samu zuwa, akwai dabarar rage zafi. A Power Options, cikin advanced settings, akwai Maximum processor state. In aka mayar da shi 99 maimakon 100, furosesar ba za ta riƙa yin tsallen nan da ake kira Turbo Boost ba. Irin tata gudunta zai tsaya a 2.2 GHz maimakon ya kai 2.7. A kallon bidiyo ba za ta ji bambanci ba.

Musa Mai Gyara, Adum: Yana aiki, ban musa ba, ni ma ina yi wa wasu. Amma ga mai toshewar hanci wannan panadol ne. Kuma masu HP ku duba, da yawansu akwai wani saiti a BIOS, wato saitin ita kanta na'urar kafin Windows ya tashi, ana shiga da F10 lokacin kunnawa, wanda ke sa fanka ta yi ta juyawa muddin caja na jone. Wannan in ka kashe shi ba laifi, don in zafi ya zo za ta tashi da kanta. Ba ɗaya ba ne da cire waya.

Kawu Danladi, Asawase: 'Yata, kai ta wurin mai faci a bakin titi ya busa mata iskar taya. Daƙiƙa biyu ƙura ta fice.

Musa Mai Gyara, Adum: Kawu, ka rufa mana asiri. Iskar mai faci ƙarfinta ya yi yawa, za ta juya 'yar fankar nan fiye da yadda aka yi ta, ta kashe mata gindi, wani lokaci ma fiffike ya karye. Ga ruwa da ke taruwa a tankin kwamfuresa. Ko da ƙaramin abin busawa ne, sai an sa tsinken sakace an riƙe fankar kada ta juya. Kuma busawa daga waje sau da yawa tura dattin ciki kawai take yi.

Rabi Tela, Aboabo: Ni tsorona masu gyara ne, Musa kada ka ji haushi. Bara na kai wayata wani wuri a canza gilashi, na dawo gida lasifika ba ta yi. Na koma, mutumin ya rantse haka na kawo ta. Man keken ɗinki fa? Ina da shi, in ɗiga mata ta ramin?

Musa Mai Gyara, Adum: Ba haushi, Yaya, mu muka ja wa kanmu. Duk inda za ki kai, ki ce a gabanki za a buɗe, aikin bai kai awa ɗaya ba. Wanda ya ce ki tafi ki dawo gobe don share fanka, ɗauki kayanki. Mai kuma kada ki ɗiga ta rami, kan allo zai sauka ya kama ƙura. Ki saurari kukan. In fuuu ne, iska ce, fankar lafiyarta lau. In ƙarrr ne ko kat-kat-kat, gindinta ya ci ko wani abu na taɓa fiffike. Wannan ake cire ta a ɗiga ɗigo ɗaya a kan sandar tsakiya, shi ma na ɗan lokaci ne, canzawa ce maganinta.

Hajiya Ladidi, Alabar: Rabi, kwamfutar 2015 fa. Ɗinkin Sallah na zuwa, ki tara ki sayi wata mana.

Iliyasu, Nima: Hajiya ta taɓo wani abu. Microsoft sun daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, kuma zubi na biyar ba ya cikin jerin Windows 11. Duk mai sayen ta hannu yanzu, a Tip Toe Lane ne nan Circle ko a PZ ɗinku, ya nemi zubi na takwas zuwa sama. Ya samu Windows 11, ya samu mai kwance VP9. Mai kuɗi kuma ya sayi MacBook Air mai M1, ita babu fanka a cikinta sam.

Rabi Tela, Aboabo: Hajiya, kuɗin da ke hannuna na keken zigzag ne. Wannan za ta ƙara shekara in sha Allah.

Awudu Kotoko, Sawaba: Ɗan Ankara ko maganar fanka ake sai ya nuna mana sun fi mu kasuwa. Ku fara gyara ƙungiyar ƙwallonku ta Hearts tukuna.

Malam Sani, shugaban zaure: Awudu.

Rabi Tela, Aboabo: Salam jama'a, kwana biyu shiru, aiki ne ya yi yawa. Yau na je Adum, a gabana aka buɗe. Da farko ya cire wayar batir, sannan ya kwance fankar. Ita kanta fankar ba ta yi wani datti can ba, har na fara cewa a raina Nafisa ce da gaskiya. Sai ya ɗaga ta. Tsakaninta da wasu siraran haƙoran ƙarfe da iska ke bi ta fita, ga wani abu kwance kamar lagwanin fitila, tsawon ɗan yatsana. Da hantsaki ya zaro shi, ya fito guda ɗaya bai ko tsinke ba. Jama'a, na gane kayan mutane a jikinsa! Ga shuɗin shaddar da na yi wa 'yan biki da Sallar bara, ga ja-ja na atamfa, ga ƙurar hunturu ta ɗinke su wuri ɗaya. Ya ɗaga haƙoran sama ya ce in leƙa. Kafin ya goge ba na ganin haske ta ciki, bayan ya bi da tsohon buroshin haƙori sai ga hasken titi tar.

Musa Mai Gyara, Adum: Na ajiye shi a leda, duk mai musu ya zo ya gani 😄 Man da ke tsakanin furosesa da bututun jan ƙarfe kuma, wanda muke ce wa fes, ya bushe ya zama kamar alli, da farce yake ɓarewa. Aikinsa cike 'yan ramukan da ido ba ya gani don zafi ya wuce cikin bututun. Na goge da sifirit na sa sabo, kamar ƙwayar shinkafa. Kafin aiki, da bidiyo a kunne, manhajar auna zafi ta HWMonitor na nuna digiri 84. Bayan aiki 58.

Kawu Danladi, Asawase: Fes ɗin nan, na goge baki ba zai yi ba? Akwai shi a gida.

Musa Mai Gyara, Adum: Kawu don girman Allah.

Nafisa, Tek: Yaya Musa, tambaya ɗaya. Da ka gama, ka gwada kashe h264ify ka mayar da 1080?

Musa Mai Gyara, Adum: Na san za ki tambaya. Na gwada. Ta haura 70 da wani abu, fanka ta tashi, ba ihu ba amma ana ji. Na mayar mata da saitinki. Kuma yaran shagona na ce su riƙa duba akwatin nan naki kafin su ɗauki sukudireba. Kada dai kanki ya kumbura.

Nafisa, Tek: Ya riga ya kumbura 😌

Hajiya Ladidi, Alabar: Kiret ɗin fa, an samu?

Rabi Tela, Aboabo: An samu Hajiya, biyu ma, ɗaya shago ɗaya gida. Musa ya ce in daina yanka yadi kusa da ita, kuma in kawo ta duk bayan hunturu. Daren nan mun yi awa ɗaya da rabi muna kallo. Mma ta ce in rage murya, malamin na yi mata tsawa.

Kawu Danladi, Asawase: Madalla. To 'yata, tunda kin ce kin ga kayan mutane a ciki, ba ki ga farin yadina ba? Wata uku ke nan yana shagonki.

Rabi Tela, Aboabo: Kawu, Alhamis in sha Allah.

Kawu Danladi, Asawase: Wace Alhamis ɗin?